Ranar da Inna Ta Je Biko

Babana matansa biyu. A Daura ba wanda zai ɗaga kai don wannan, amma a cocinmu shi ne labarin gidanmu tun kafin a haife ni.

Sunansa Ɗantsoho. Faci yake yi a bakin hanyar tasha. Lokacin da mutanen ƙauyensu, can wajen Baure, suka bar tsafin kakanni, wasu masallaci suka nufa, wasu coci. Shi coci ya nufa, da matansa biyu a bayansa: Inna Lantana, uwargida, da Haulatu wadda ta haife ni, muna ce mata Umma. Aka karɓe su da murna, aka ba su benci. Da maganar baftisma ta taso sai aka ce Inna kaɗai za ta shiga ruwa, don ita ce ta fari. Shi kuwa sai ya sallami ta biyun tukuna. Ya ce to, zai yi tunani. Har na gama sakandare bai gama tunanin ba.

Don haka duk Lahadin farkon wata, in an gama wa'azi an yaye farin ƙyallen da ke kan teburin jibin Ubangiji, Fasto ya ce waɗanda ba su da baftisma su ba da wuri, sai Baba ya miƙe, Umma ta miƙe, su fita tare da ƙananan yara. Inna ta rage ita kaɗai a bencin. Duk da haka Baba bai taɓa fashin sujada ba. Shi ke share harabar cocin ranar Asabar. Ni kam tun da na yi wayo na daina shiga ciki. Acaɓa nake yi. In na sauke su sai in jingine babur a gindin taga, in ji abin da zan ji daga nan.

Bana da bazara ciwo ya kama Baba. Ya fara da rama, sannan abinci ya ƙi zama. Likita ya ce ƙari ne a cikinsa, aiki za a yi masa a Katsina bayan Ista, kuma bai ɓoye mana cewa aikin babba ne ba. Da muka dawo gida Baba ya zauna a zaure ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ba zan kwanta gaban wuƙa ba sai na shiga ruwa," in ji shi.

Umma ta tashi ta shiga madafa.

Ana baftisma a cocinmu ranar Asabar ta jajibirin Ista, a dam ɗin bayan gari. Baba ya aika wa dattawan ikilisiya da roƙonsa. Mutum biyu suka zo gida da amsa: Fasto Irmiya, da shugaban dattawa, Baba Cyprian.

Cyprian kayan gyaran babura yake sayarwa. Shagonsa na jikin rumfar facin Baba, a nan suka tsufa tare, kwano ɗaya suke ci da rana. Daga kudu ya zo, amma Hausarsa ta Daura ce tsaf, sai dai in ya fusata. Shi ya kai Baba asibiti da motarsa. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka maƙiyi ne ya zo.

Fasto ne ya fara. Ya ce hedikwata ta daɗe da barin irin wannan magana a hannun dattawan kowace ikilisiya, ga mutumin da ya ba da gaskiya da matansa a hannu. Ya ce shi dai ba ya ganin abin hanawa. Sannan ya kalli Cyprian, don kowa ya san inda Cyprian ya tsaya nan sauran dattawan ke tsayawa.

"Ɗantsoho, ba wanda ya ce ka jefar da ita a titi," in ji Cyprian. "Ta koma wajen danginta, ka riƙa aika mata da abinci. A bakin ruwa ka faɗa wa jama'a matarka ɗaya. Shi ke nan."

"In na faɗa, gaskiya na faɗa?"

"Za ta zama gaskiya."

Baba ya gyara filon da ya jingina da shi. "Akwai wurin da Fasto ke karanta mana, na Hajaratu. Ibrahim ya tashi da sassafe, ya ɗora mata salkar ruwa da gurasa, ya sa ta a hanya da yaronta. Duk ranar da aka karanta wurin nan ba na iya cin abinci. Ni ba Ibrahim ba ne, Allah bai yi mini magana ba. Ku kuke mini magana."

"Ka'ida ce, abokina. Ba ni na kafa ta ba."

"Na sani. Ku sha ruwa."

Suka sha, suka yi addu'a, suka tafi. Matan gidan suna bayan ƙyaure, sun ji komai.

Washegari na je shagon Cyprian sayen birki. Na yi niyyar in biya in tafi, bakina ya ƙi.

"Baba Cyprian, tuwon Umma nawa ka ci a rumfar nan?"

Ya ajiye birkin a kan kanta. Ya kore yaran shagon da hannu.

"Ya'u, zauna."

"A tsaye ma ina ji."

"Babana matansa uku ne, can gida. Da zai yi baftisma ya riƙe ɗaya. Uwata ba ita ce aka riƙe ba. Sunanta Mgbeke. Ina tsaye ta ɗora kayanta a ka ta fita. Ta mutu a gidan ƙaninta, kuma har ta mutu tana cewa daidai aka yi, don Allah aka yi." Ya share gumi da bayan hannu. "Yanzu in na buɗe baki na ce ashe ba dole ba ne, to don me ta fita?"

Na ɗauki birkina na tafi.

Ni ɗan fari ne a wajen Umma, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma zama hira da ni. Inna ce ta goye ni, ita ta yaye ni, ita take zagina. Shi ya sa ranar Talatar makon Ista, da Inna ta raka Baba asibiti ɗaukar jini, na ji wani iri da Umma ta tsaya a kaina ina wanke babur.

"Kai. Akwai mai a ciki?"

"Akwai."

"Baure za ka kai ni."

Na ɗaga kai. Jakar bakko ce a hannunta, ta cika har zif ɗin ya ƙi rufuwa. Ta ɗaure kwanukanta a tsohon zane.

"Baba ya sani?"

"In ka dawo ka gaya masa. Ka ce na tafi da kaina, ba fushi. Ya faɗa musu matarsa ɗaya, ya shiga ruwansa."

"Umma..."

"Tada babur ɗin, rana na yi."

Ba mu saba magana ba balle musu. Na ɗaure jakar a gaba, ta hau. Daga Daura har Zango, daga Zango har Baure, kwanukan ne kawai ke ƙara a duk ramin da na faɗa. Ina tuƙi ina tuna labarin nan da Baba ya ambata. Na san sauransa, mun yi shi a makarantar Lahadi. Da ruwan salkar ya ƙare, ba a tantin Ibrahim mala'ika ya yi magana ba. Can jeji ya bi wadda aka kora. Na daɗe ina riƙe da wannan a raina, ban taɓa gaya wa kowa ba, don ban san ko ni kaɗai nake ganinsa haka ba.

Yayan Umma, Kawu Sha'aban, yana cikin waɗanda suka nufi masallaci. Dillalin awaki ne. Muka same shi a ƙofar gida yana ba tumaki dusa. Ya kalli jakar, ya kalli kwanukan.

"Haula, yaji?"

"A'a, Yaya."

"Saki?"

"Ni na saki kaina."

"Mace ba ta sakin kanta, ko a wajenku ko a wajenmu." Ya karɓi jakar. "Shiga ciki, gidanku ne. Kai kuma ɗan acaɓa, ko ruwa ba za ka sha ba? An biya ka kuɗin kawo uwar taka?"

Ban sha ba. Na juya.

Na tarar sun dawo daga asibiti. Na tsaya a tsakar gida na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni. Inna tana riƙe da ludayi. Na zaci da shi za ta jefe ni. Ta ajiye shi a hankali.

"Kai ka kai ta."

"Ita ta ce."

"Da ta ce ka kai ta rijiya fa?"

Baba ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Aka kira wayar Umma, sai ga ta tana ƙara a ƙarƙashin filonta. Aka kira wayar Kawu, ya ce Umma ta ƙi karɓa, ta ce a gaishe da mai jiki. Baba ko zaman mota da ƙyar yake yi, balle babur zuwa Baure.

Labari ba ya kwana a cocinmu. Kafin Alhamis dattawa sun ji cewa ta biyun ta tafi. Suka aiko cewa hanya ta buɗe, ranar Asabar Baba ya zo da farar riga. Sharaɗin na nan: a bakin ruwa za a tambaye shi, ya amsa. Baba ya ce wa ɗan aiken ya ji. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Inna ta wanke masa farar rigar, ta goge, ta rataye a ƙusa. Gidan ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba. Da can in ɗaya na daka ɗaya na tankaɗe, suna gulmar matan zumuntar coci. Yanzu turmi ɗaya ke ƙara, shi ma ba daɗi.

Ranar Juma'a aka yi sujadar mutuwar Yesu. Ina gindin taga. Baba na zaune a bencinsu, gefensa ɗaya Inna, ɗaya gefen ba kowa. Mutane suna ta zuwa suna yi masa barka a hankali, kamar an yi masa haihuwa. Na ji kamar in tada babur in bi ta cikin cocin.

Asabar da safe motar Cyprian ta zo ta ɗauki Baba. Inna ta ce su yi gaba, tana tafe. Ta fito cikin anko na zumuntar mata, ta ɗaura ɗankwali ta tamke. Akwai ƙullin goro a hannunta.

"Tada babur."

"Dam?"

"Baure. Biko za ni."

"Inna, miji ke zuwa biko. Ko waliyyansa."

"Mijin na iya hawa babur? Waliyyan nasa kuma duk suna ƙasa. Ni na rage. Za ka tada ko in tsayar da wani?"

Na tada. Inna ba ƙaramar mace ba ce, kuma ba ta yarda da gudu ba. Ranar ita ke dukan kafaɗata tana cewa in ƙara wuta.

Kawu Sha'aban na zaure da baƙi. Inna ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gaida suruki, ta tura masa ƙullin goron gabansa.

"Na zo bikon matar gidanmu."

Kawu ya kalli goron, ya kalli baƙinsa. Ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙwace masa.

"Lantana, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin abokiyar zama ta zo biko ba."

"Yau ka gani. An karɓa ko ba a karɓa ba?"

"Ni na karɓa. Mai abin tana ciki."

Muka sami Umma a gindin turmi tana surfe. Ta rame a ɗan kwanakin nan. Da ta ga Inna sai taɓaryar ta tsaya a sama.

"Yaya. Jikin nasa ne?"

"Jikinsa na nan yadda kika bar shi. Ɗauko mayafinki."

"Yaya, don Allah ki bar shi ya shiga ruwan nan. Kin ji abin da likita ya ce. In ya tafi haka, ni na tare masa hanya. Tun ina yarinya nake tare masa hanya."

"Ruwan? Ni na shiga ruwan, Haula. Ni kaɗai. Kin taɓa tambayata yadda gurasar jibin Ubangiji take wucewa a maƙogwarona in kun tashi kun fita? Kina shara ina ci, kina jinyata ina ci, kin haifa mini ɗa kin ba ni ina ci." Ta nuna ni da haɓa ba tare da ta kalle ni ba. "Yau kuma a tsayar da mutumin nan a gaban jama'a ya ce ba ki. Da ƙarya zai nutse, da ƙarya zai taso. Haka kike so ya je Katsina?"

"Ba ƙarya ba ce in na tafi."

"Ya sake ki?"

Umma ta sunkuyar da kai.

"To."

"Ba zan koma ba, Yaya. Na riga na yi wa Allah alkawari."

Inna ta dube ta. Sannan ta kwance ɗankwalinta, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

"Sha'aban," ta ɗaga murya, "akwai wani ɗakin a gidan nan?"

Kawu ya leƙo. "Na me?"

"Nawa. Na zo ke nan. Kai Ya'u, koma ka gaya wa dattawa hanya ta ƙara buɗewa. In sun tambaye shi ya ce ba shi da mata ko ɗaya. Sai Cyprian ya riƙa dama masa kunu."

"Yaya, wa zai ba shi magani? Bai san na safe da na rana ba."

"Oho."

"Ba ya shan kunun kowa in ba a tace sau biyu ba."

"Sai ya koya."

Umma ta tsaya da taɓarya a hannu. Matan gidan Kawu sun fito sun yi cirko-cirko. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta jingine taɓaryar a bango.

"Ke dai, Yaya, ba ki da dama."

"Yau kika sani? Ɗauko jakar."

Mu uku a babur ɗaya, da jaka a kan tanki. Kwanukan kuwa Kawu ya ce a bari zai aiko da su. Ya raka mu har bakin titi yana cewa in an gama a gaya masa yadda aka ƙare, don shi yanzu yana da goro a cikin maganar. Rana ta take. Kwalta na tururi. Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba, ban kuma ji tsoron komai ba.

Ruwan dam ya ja baya sosai saboda bazara. Sai da muka bar babur a kan tudu muka taka busasshiyar laka. Can gefe makiyaya na shayar da shanu, sun jingina da sandunansu suna kallo. Jama'ar coci sun yi layi a bakin ruwa, sun ba mu baya. Matan zumunta na buga tulu suna waƙa. Waɗanda aka riga aka yi wa baftisma suna tsaye a jiƙe, an lulluɓe su da zannuwa. Baba ne ya rage. Daga baya na ji cewa duk wanda aka kira sai Baba ya ce a fara da wancan.

Yana cikin ruwa har gwiwa, Fasto na riƙe da hannunsa. Rigar ta yi masa yawa. Bai gan mu ba. Tulun ya tsaya.

Fasto ya tambaye shi ko ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, Ɗan Allah, wanda ya mutu ya tashi.

"Na ba da. Tun ban yi furfura ba."

Fasto ya ɗaga kai. Ya kalli inda dattawa ke tsaye. "Dattawan ikilisiya sun ce in tambaye ka a gaban jama'a. Ɗantsoho, matanka nawa?"

"Biyu."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma ruwa na kai magana nesa. Har makiyayan sun ji.

"Lantana da Haulatu. Ɗaya ta gudu don in sami ruwan nan. Ban sake ta ba, ba kuma zan sake ta ba. Na zo ne in faɗa a nan inda kowa zai ji, don an yi ta yi mini barka a kan abin da ban yi ba. Ina son ruwan nan, Allah ya sani. In wannan ya hana, Fasto, riƙe ni in fita. Yesu ya daɗe da sanina a bushe."

Ya juya zai fito. A nan ya gan su.

Umma ta ɗora jakar a ka, don ba ta jawuwa a lakar. Inna na riƙe da hannunta kamar mai kai amarya. Jama'a suka dare. Ba wanda ya ce su dare. Suka bi ta tsakiya har bakin ruwa, suka tsaya daf da dattawa. Baba ya kalle su. Sai ya yi dariya, irin wadda ke sa shi riƙe ciki.

"Lantana, ina kika je?"

"Inda ya kamata ka je."

Cyprian bai yi dariya ba. Yana tsaye cikin takalmansa na zuwa coci, Littafi a hammata, idonsa a kan Umma da kayan da ke kanta. Ya daɗe a haka. Har wani ya yi tari. Sai ya miƙa wa na kusa da shi Littafin, ya tako, ya sa hannu biyu ya ɗauke jakar daga kanta.

"Sauke, Mama," in ji shi. "Ya isa."

Ya ajiye ta a busasshen wuri. Ya yafito sauran dattawan. Suka ja gefe suka haɗa kai. Ina kusa, na ji kaɗan. Wani daga cikinsu ya ce in aka buɗe wannan ƙofar gobe samari za su ƙaro mata su zo. Fasto, daga cikin ruwa, ya ce maganar wanda ya zo da matansa ake yi, ba wanda ya ƙaro ba. Dattijon ya ce shi dai bai yarda ba. Cyprian ya ce an ji, kuma yana da iko ya ƙi. Sannan ya faɗi wani abu da harshensu, shi kaɗai, kamar mai yi wa wani magana a nesa. Ya dawo Hausa.

"Ni na janye. In laifi ne, a kaina."

Sauran suka kalli juna. Ɗaya bayan ɗaya suka gyaɗa kai, ban da mutum ɗayan nan, wanda ya harɗe hannu ya koma baya. Ba wanda ya hana shi.

Cyprian bai tsaya cire takalmi ba. Ya shiga ruwan da su, ya kama ɗaya hannun Baba.

"Zo, tsoho, kada ka faɗi ka ja mana magana."

"Takalmanka, Cyprian."

"Kai za ka yi musu faci."

Suka kai shi inda ruwa ya kai ƙugu. Fasto ya ɗaga hannu, ya kira sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Suka kwantar da shi. Ruwan ya rufe fuskarsa. Da suka ɗago shi, ruwa na zuba daga gemunsa, idonsa a rufe, bakinsa na motsi. Inna ta rangaɗa guɗa har shanun can suka ɗaga kai. Tuluna suka ɗauka gaba ɗaya.

Fasto bai fito ba. Ya share fuska, ya dubi bakin ruwa.

"Haulatu matar Ɗantsoho."

Umma ta waiga, kamar akwai wata mai sunan a bayanta.

"Ban zo da farin kaya ba," ta ce.

Matar Cyprian, Mama Chinenye, ta riga ta warware farin mayafinta. Mata suka kewaye Umma, suka buɗe zannuwa suka yi mata labule. Da suka buɗe, Inna ce ta riƙe ta har cikin ruwa, ankon zumuntar ya jiƙe har ƙirji, ba ta ko duba ba. Ajin baftisma kuwa ba wanda ya tada maganarsa. Kowa ya san Umma ta zauna a bayan ajin nan shekara da shekaru, tana ji ana yaye wasu.

Fasto ya yi mata tambayar. Ta amsa a hankali, sai ya ce ta ƙara, jama'a ba su ji ba. Ta ɗaga kai ta faɗa da ƙarfi. Ban taɓa jin muryarta ta kai haka ba.

Ta nutse, ta taso.

Abin da ya biyo baya ba sujada ba ce irin ta littafi. Matan zumunta suka shiga ruwan da tulunansu. 'Yan kasuwar da ba sa jin rabin waƙar Hausa suka kama amshi. Baba na zaune a kan jakar Umma, an lulluɓe shi da zane, yana kaɗa ƙafa. Ni da ban yi waƙa a coci ba tun ina aji uku, na ji bakina na yi. Na bar shi.

Da za a watse, Cyprian ya ce matan su shiga mota tare da mijinsu, ni in biyo su da jaka. Yana tafiya takalmansa na fitar da ruwa. Na ji Inna na cewa Umma, suna hawa tudu:

"Girkinki ne yau, kin sani ko? Tun Talata nake miki."

"Yaya, daga fitowata ruwa?"

"Ruwan ya hana tuƙa tuwo? Ga baƙi za su cika gida."

Baba ya ce shi dai a dama masa kunu, yunwa yake ji. Duka biyun suka tsaya suka kalle shi, don rabon da ya nemi abinci da bakinsa tun farkon bazara. Sannan suka ƙara sauri.